Baƙuwar Kalma a Tsakiyar Labari: A Tsaya Mata ko a Wuce?

Wata Asabar bayan la'asar na shiga gidan yayata a Birnin Kebbi, na ishe ɗiyarta zaune a gindin dogonyaro, littafin Turanci a cinya, waya a hannu. 'Yar aji biyar ce a sakandare, littafin kuma labari ne da aka ɗora musu don jarrabawa. Ta gaishe ni a gurguje, ta ce, "Kawu, littahin ga ya ƙi ci ya ƙi canyewa."

Na ce, "Shahi nawa kinka yi yau?"

Ta ce, "Biyu. Tun bayan azahar."

Na karɓa na duba. Shafukan sun sha fensir kamar allon da aka yi wa rubutu biyu ba a wanke ba. Duk kalmar da ta gagare ta sai ta ja mata layi, ta duba a waya, ta rubuta fassarar a samanta da ƙananan baƙaƙe. Na ƙirga na shafi ɗaya, na sami 31. Sai na rufe littafin, na tambaye ta abin da ke faruwa a labarin. Ta yi jim, ta ce akwai wani mutum da ya shiga wani wuri, amma ba ta tabbata ba ko gida ne ko kanti. Na buɗe, na sa ɗan yatsa na danne fassarar kalma ta uku da ta ja wa layi, na ce ta faɗa mini ma'anarta. Minti arba'in kacal da rubutawa, amma kalmar ta yi nata wuri.

Yarinyar nan ba malalaciya ba ce. Abin da malamai ke cewa a yi shi ta yi: karanta littafi, duk kalmar da ba ka sani ba ka duba ƙamus. Shawarar tana da daɗin ji, sai dai ta bar abubuwa uku a baya, wato wane littafi, wace kalma, kuma yaushe za a duba. Ga wanda bai rabe waɗannan ba, karatun yakan ƙare da asara biyu: labari ya tsere, kalmomi ma su tsere.

Sanin kalma kamar sanin mutum ne. Akwai sanin shanu, ka taɓa ganin fuskar amma ba ka iya cewa daga ina. Akwai wanda ka san sunansa da sana'arsa. Akwai kuma wanda ka san gidansu, da waɗanda yake yawo da su, da maganar da ba a yi a gabansa. Ƙamus yana iya kai ka mataki na biyu, a nan ƙarfinsa yake ƙarewa. Ɗauki "mutu" da "rasu". Baƙon Hausa zai ga ma'anarsu ɗaya a takarda, sai ranar da ya ce akuyar maƙwabcinsa ta rasu, ko ya shiga zaman makoki ya ce wa 'ya'yan mamaci ya ji babansu ya mutu. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan bambanci, mun tsince shi ne daga jin wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da yanayin da aka faɗa. Ƙagaggen labari shi ne rubutun da ya fi kusa da wannan, domin a cikinsa kalma tana zuwa ne a bakin wani, cikin fushi ko zolaya ko ladabi, kuma mai karatu yana ganin abin da ya biyo bayanta.

Malamanmu na zaure sun daɗe da gane haka. Ɗalibin da ya yi nisa, yana son ya ƙoshi da lugga, littafin da ake buɗe masa shi ne Maƙamatul Hariri, na malamin Basra da ya rasu a 1122. Labarai ne guda 50 na wani ɗan duniya mai zaƙin baki, Abu Zaidi, wanda ke sauya kama daga gari zuwa gari yana karɓe kuɗin mutane da fasahar magana. Hariri ya cusa kalmomin Larabci masu wuyar samu cikin kowane labari, ɗalibi yana bin dabarun Abu Zaidi yana dariya, kalmomin suna shiga. Ko Abubakar Imam da ya rubuta Ruwan Bagaja, wanda aka buga a 1934, ya ɗebo wani abu daga wannan rijiya. Mu a nan kuwa ba baƙin wannan fanni ba ne, ga Gwandu nan kusa, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, mutumin da ya tsara nahawu da sarfu cikin baitoci don a haddace.

Amma a lura da yadda zaure yake tafiyar da abin. Ba wanda ake fara wa da Maƙama. Sai an bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, kunne ya saba, an tara jari. In an zo Maƙamar ma, ba a cinye ta dare ɗaya. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fasa masa kalma bayan kalma, a tsaya a 'yan layuka, gobe ya dawo ya biya na jiya kafin a ƙara masa. Daga nan ma muka sami kalmar fashin baƙi. Abin da ɗiyar yayata take yi a gindin dogonyaro shi ne karatun Maƙama ba Ahalari, ba malam, ba biya.

Masu binciken koyon harshe na wannan zamani sun sa wa wannan matsala lissafi. Paul Nation, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'a a Wellington ta ƙasar Niyu Zilan, yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a kanta. Abin da bincikensa da na abokan aikinsa ya nuna shi ne, kafin mutum ya karanta labari shi kaɗai ya fahimta cikin kwanciyar hankali, sai ya riga ya san wajen kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafin. Wasu masu binciken sun sassauta zuwa kashi 95, a matsayin mafi ƙarancin abin da za a lallaɓa da shi. Da jin kashi 90 mutum zai ce ai an ci jarrabawa, to bari mu sauke shi a kan shafi. Shafi mai kalma 300, in ka san kashi 98, baƙi shida ne kawai za ka ci karo da su. In kashi 95 ne, sun zama 15. In kashi 90 ne, 30 ke nan, wato kusan kowane layi da nasa ramin. Lissafin yarinyar nan, 31, a nan ya faɗo. Ba ƙwaƙwalwarta ce ta gaza ba, littafin ne ya fi ƙarfin jarinta.

Dalilin da ya sa wannan lissafi yake da nauyi shi ne, baƙuwar kalma maƙwabtanta ne ke gabatar da ita. In jimla tana da kalma goma, ka san tara, taran nan za su nuna maka ta goma da baki. In ka san shida kawai, baƙo ne ke tambayar baƙo hanya.

A 2006 Nation ya ƙiyasta cewa mai son karanta ƙagaggun labaran Turanci na manya a wannan mataki na kashi 98 yana buƙatar dangin kalma 8,000 zuwa 9,000. Dangin kalma kuwa yana nufin saiwa da 'ya'yanta, kamar a ce karanta, karatu, makaranta, makaranci duk gida ɗaya ne. Dangi 2,000 na farko, waɗanda aka fi yawan amfani da su, su ke ɗauke da fiye da kashi 80 na kowane shafi. Sauran dubban nan duk don a cike ɗan gurbin da ya rage ne, shi ya sa tafiyar take sauri a farko, ta koma jan ƙafa daga baya, har ɗalibi ya ɗauka ya daina ci gaba.

To, in littafin daidai ƙarfinka ne, kalmomin suna shiga da kansu? Akwai gwaje-gwaje biyu da nake son a ajiye kusa da juna. A 1978 Nation da abokan aikinsa biyu sun ba wasu manya masu jin Turanci wani labari na marubucin Ingila Anthony Burgess, wanda ya cika shi da kalmomin 'yan daba guda 241 da ya ƙera, akasarinsu daga Rashanci. Ba a gaya musu za a tambaye su kalmomin ba. Da suka gama aka gwada su, sai ga shi sun gane wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka tambaya. Ba ƙamus, ba hadda. Sai dai marubucin ya yi ta nanata kalmomin nan a cikin littafin, masu karatun kuma sun san duk sauran kalmomin da ke kewaye da su.

Na biyun a Japan aka yi shi, a 2003. Rob Waring da Misako Takaki sun ba ɗalibai wani sassauƙan labarin Turanci da aka saka wa baƙin kalmomi 25. Ana gama karatu ɗaliban sun riƙe wasu. Bayan wata uku aka sake gwada su, sai aka tarar a matsakaici ma'anar kalma ɗaya ce tal ta rage, kuma duk kalmar da ba ta fito aƙalla sau takwas a labarin ba ta shafe. Wannan ne bangaren da masu cewa "ka yi ta karatu kawai" ba su cika faɗa ba. Gamuwa ɗaya sanin shanu take bari. Kalma tana zama ne in an yi ta karo da ita, a littafin nan da na gaba da na bayansa, kafin sawun farko ya goge.

Ga wani abu kuma da ke sauƙaƙa wa mai karatu nauyi. In aka tattara kalmomi daban-daban da ke cikin littafi guda, kusan rabinsu sau ɗaya tak suke fitowa daga bango zuwa bango. Sunan wata ciyawa, launin wani labule, wani ɓangare na keken doki. Wanda ya tsaya wa kowace irin wannan ya kashe lokacinsa wajen gaisawa da matafiyan da ba zai sake gani ba. Saboda haka aikin farko ba dubawa ba ne, tantancewa ce.

Mafi yawan baƙin kalmomi a wuce su kawai. Ka gane wani irin tsuntsu ne, ko wani irin tufafi, ya isa, labari bai tsaya ba. Akwai kuma wadda ta tare hanya, in ba ka san ta ba ba za ka san ko an yafe wa mutumin nan ba ne ko an kore shi. Wannan a duba ta nan take, a ci gaba. Sai wadda ta yi ta dawowa, ka gan ta a babi na ɗaya, ga ta a na biyu, ga ta kuma a na huɗu. Wannan ita ce ta cancanci littafin rubutu, domin ta nuna 'yar gari ce.

Akwai ta huɗu, wadda ta fi su haɗari, don ba ta zuwa da kamar baƙuwa. Ita ce kalmar da kake zaton ka sani. Mu mutanen yamma mun fi kowa faɗawa wannan rami in muna karanta Hausa, saboda daidaitacciyar Hausar da ake buga littattafai da ita ta fi jingina da karin Kano. Ina yaro na karanta wani labari da aka ce wata tsohuwa tana dafa gujiya tana sayarwa a bakin kasuwa. Ban ko tsaya ba, ai gujjiya abin da muke ci kullum ce. Shekaru na yi da hoton tsohuwar nan da tiren gyaɗa a kaina. Sai da karatu ya kai ni Kano, na tsaya gaban wata mai talla na ce ta ba ni gujjiya, ta miƙo mini ƙwaruru. Na ce ba wannan ba, ta ce to ai ita ce gujiya, in gyaɗa nake so in faɗa. Nan take tsohuwar cikin littafin ta sauya tire a kaina bayan shekara goma sha. Haka Bakano zai karanta "shina kwana" a rubutun ɗan Argungu ya ɗauka an ce mutumin a nan yake kwana, alhali barci ake nufi. Tonka da barkono, guro da kuɓewa, sure da yakuwa, mussa da kyanwa, habɗi da toka, waɗannan masu sauƙi ne, domin kana ganinsu ka san baƙi ne. Wadda ta sa rigar gida ita ke wucewa ba a tambaye ta ba. Alamarta ɗaya ce: jimla ta ɗan yi maka wani iri, kamar miyar da gishirinta bai ji ba. In ka ji haka, kalmar da ka fi amincewa da ita ita za ka tuhuma.

Tsofaffin littattafai suna da irin nasu tarkon, wanda zamani ya haƙa. Littattafan gasar rubuta labaran Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, da waɗanda suka biyo bayansu, an rubuta su ne a duniyar fatake da dawaki da kuɗin da aka daina kashewa. Naira ta shigo a 1973, don haka yaron yau yana cewa "ko sisi ba ni da shi" bai san sisi kwabo shida ba ne, taro kwabo uku, ahu kwabo ɗaya da rabi, sule kwabo 12, fam kuma sule 20. Anini kuwa sai an tara goma kafin a sami kwabo. In labari ya ce an ci wani tarar fam biyu, ko an yi masa kyautar taro, wanda bai san wannan tsani ba bai san ko ya tausaya ba ko ya yi dariya. In aka koma zamanin wuri, zambar dubu ce, keso kuma dubu 20. Haka lokutan yini: hantsi daban, walaha daban, la'asar sakaliya daban, almuru daban. Marubucin da ya ce ayari ya tashi da walaha ya gaya maka sun makara, ko da bai furta ba.

Hausa tana taimakon mai cinke, in ya san ƙirarta. Ɗafin "ma-" kaɗai ya buɗe ƙofofi da yawa: maƙeri mai yi, maƙera wurin yi, maburgi abin yi. Wanda ya san jima zai gane majema, wanda ya san rini zai gane marina. Wanda ya san saya ya riga ya mallaki sayo da saye da sayar da sayu. Amma ba kowane "ma" ne ɗafi ba, ka fasa madugu ka ga abin da zai rage maka. Kuma cinke yakan kai mutum daji yana murna.

Ni ya taɓa kai ni. A wani tsohon labarin yaƙi na ci karo da "majayi", an ce ya tsinke, mahayin ya faɗo. Ban yi wata-wata ba na yanke cewa majanyi ne aka yi kuskuren bugawa, wato abin goyo, har ina mamakin abin da ya kai majanyi fagen fama. Da na tashi tambaya sai na nufi wani dattijo a unguwarmu da ya tsufa cikin kiwon dawaki. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, mi a majayi?"

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, wanga ba a hwaɗin shi da baki. Taho ka gani."

Ya ja ni zuwa turke, ya aza wa dokinsa jalala, ya ɗora sirdi, sannan ya sunkuya ya zaro wata ɗamara mai faɗi ta ƙarƙashin cikin dokin, ya ja ta da ƙarfi har dokin ya yi ajiyar zuciya, ya ɗaure. Ya buga ta da tafin hannu ya ce, "Shi na. In babu shi sirdi ba shi zamnawa. Da kai da sirdin duk ƙasa za ku ishe kanku." Sai a lokacin na ga "ja" zaune a tsakiyar kalmar, abin da ake ja ke nan. Kafin in bar wurin ya haɗa mini da ragama da linzami da likkafa da ƙaimi, kowanne ya sa na taɓa da hannuna. Yau fiye da shekara ashirin, ko ɗaya ba ta ɓace mini ba, kuma ban rubuta su a ko'ina ba.

Wannan dattijo ya ba ni abin da takarda ba ta bayarwa, wato yadda ake furta kalmar. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na tuwo da gari na mutane rubutunsu ɗaya, haka kuka ta miya da kuka na hawaye, haka wuya na jiki da wuya ta rayuwa. A kalmar da ka sani, jimla ke gaya maka wacce ce. A wadda ba ka taɓa ji ba, kana iya sanin ma'anarta sarai amma ka furta ta a karkace, ranar da ka fito da ita cikin mutane a yi ta kallon juna. Shi ya sa sauraron littattafan da ake karantawa a rediyo ko a YouTube yake da amfani, musamman in kana bi da ido a takarda. Mai koyon Turanci ma haka, don can rubutu da furuci sun daɗe da raba gari.

Batun ƙamus, muna da abin dogaro. Na G. P. Bargery da ya fito a 1934 yana da kalmomi wajen 39,000, yana nuna karin sauti, yana kuma nuna wadda ta Sakkwato ce da wadda ta Katsina ce, abin da ya sa ya fi yi wa mutumin Kabi amfani. An ɗora shi a intanet, ana iya bincikarsa ta waya. Akwai na R. C. Abraham na 1949, mai yawan misalai da karin magana. Akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda ke bayanin Hausa da Hausa, ba sai an bi ta Turanci ba. Sai dai duba ƙamusun Hausa yana da 'yar dabara. Jam'i yakan yi nisa da tilonsa, wanda ya ga fatake sai ya nemi falke, gumaka ya nemi gunki, ƙarafa ya nemi ƙarfe. Kuma ma'anar farko da ka gani ba lallai ita ce taka ba. Dubi "ci" kawai: an ci tuwo, an ci kasuwa, an ci amana, an ci sarauta, an ci zarafi. Ka koma da ma'anar cikin jimlar ka ga ko ta zauna, in ta yi gyangyaɗi ka duba ta gaba.

Ba zan wuce ban taɓo littattafan waya ba, tunda su ne mafi yawan abin da matasanmu ke karantawa yanzu, a WhatsApp da Wattpad da Facebook. Ba na cikin masu zaginsu. Sun sa 'yan mata da samari da yawa karatun sa'o'i ba tare da an tilasta musu ba, kuma yawan karatu shi ne ginshiƙin duk abin da na faɗa a sama. Illarsu ga mai neman kalmomi biyu ce. Ta farko, an zubar da lanƙwasa an haɗe kalmomi, sai ka ga "ta bata" ba ka san ko ta ɓata ba ne ko ta ba ta, "ya kare" ko ya ƙare ne ko kariya ya yi. Baƙuwar kalmar da ka tsinta a irin wannan rubutu ba ka da tabbacin harufanta, balle ka same ta a ƙamus. Ta biyu, da yawansu a falo da mota da asibiti suke farawa su ƙare, inda kalmar Hausa ta yi wuya kuma sai a cike da Ingausa. Ka karanta goma ba ka gamu da baƙuwa biyar ba. Akwai marubutan cikinsu da ke komawa ƙauye ko tarihi su haƙo kalmomi, waɗannan su ne abin nema. Ni dai har yau ina jiran labarin da zai shiga ruwan Matan Fada na Argungu da homa da gora, ya kira taru da birgi da sunansu, ya bambanta giwan ruwa da ramboshi. Kalmomin suna nan a bakin masunta, takarda ce ba ta kai gare su ba.

Abin da muka shirya da ɗiyar yayata ba wani abin mamaki ba ne. Na ce ta ajiye wayar a ɗaki in za ta yi karatu, don duk duba ɗaya yana zuwa da saƙonni uku. Fensir kawai. In ta gamu da baƙuwa ta ɗiga mata ɗigo a gefen shafi ta wuce, sai fa wadda ta tare hanya. In babi ya ƙare ta waiwayo. Abin da ya ba ta mamaki, ɗigo da yawa sun warware da kansu, labarin ya riga ya fasa mata su a gaba. Cikin sauran ta zaɓi biyar, ba ƙari, ta fifita masu dawowa. Kowace ta kwafe ta da jimlarta ɗungurungum, da wanda ya faɗe ta, sannan ma'anar a can ƙarshen shafi inda za ta iya rufewa da hannu. Kalmomi irin su tsamo-tsamo da ƙiƙam da tinjim sun koya mana wannan tun a gida, ba a ɗaukarsu su kaɗai, sai da aikatau ɗin da suke rakiya.

Sai biya. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya auna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, daga baya ta lafa. Almajirin da ke tilawa da asuba bai san sunansa ba, amma da wannan ƙa'ida yake aiki. Don haka ta duba biyar ɗin nan washegari, ta sake bayan kwana uku, ta sake bayan mako, kowane karo ta rufe ma'anar ta jarraba kanta kafin ta leƙa. In ta sami dama ta jefa ɗaya a rubutun makaranta, ko a kan ƙannenta, waɗanda yanzu suka gaji da zama allon gwaji.

Littafin jarrabawar ba mu iya canza shi, dole ta karanta. Abin da muka yi shi ne muka sa masa 'yan rakiya. Na samo mata ƙananan littattafan Turanci da aka sauƙaƙa, irin waɗanda ake jerawa a ƙasa a bakin kasuwa, muka gwada kowanne da shafi ɗaya: in ɗigo ya wuce shida ko bakwai a mayar, in babu ko ɗaya shi ma a mayar. Uku daga ciki na marubuci ɗaya ne, da gangan, domin kowane marubuci yana da kalmomin da yake ƙauna, yana kuma maimaita su ba tare da ya sani ba. Shi kuwa babban littafin, muna zama ranar Asabar, ta ja baƙi ni in fasa, shafi huɗu ko biyar, sai mu tsaya.

Makon jiya ta kai babi na bakwai. Na buɗe wani shafi da ba ta taɓa gani ba na ce ta ɗiga, ta ɗiga 18. Har yanzu ya fi ƙarfinta, amma da na rufe littafin na tambaye ta, ta gaya mini wanda ya shiga, da inda ya shiga, da abin da ya je nema. Ashe kanti ne tun farko, kuma bashi ya je roƙo. Ta ce ita dai ba ta ga alamar mai kantin zai ba shi ba, ta karɓe littafin daga hannuna don ta duba.